Ƙusar da Kawuna Ya Cusa a Birkin Kekena

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ɗan kabu-kabu ne a da, yanzu keke napep nake ja tsakanin Bodinga da Shagari. Kawuna ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, bakanike ne, tun zamanin jamhuriya ta biyu yake gyaran babura. Kwanakin baya tayar hagu ta baya ta fara yoyon man birki, na kai masa. Kun san yadda kayan gyara suka yi wuta yanzu. Da yamma ya ce, "Ɗauki abinka, na sake mashi roba, ya yi garas." Zan tsaya bincikar aikin mutumin da ya yi mini aure?

Ranar kasuwar Shagari zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na ba abokina makulli, bari in kira shi Bello, tare muka yi kabu-kabu. Ya ɗebo mata da kayansu, kusa da Lambara shanu suka keto titi, ya taka birki, keken ya fizge dama ya kife. Ƙafar Bello ta karye, wata mata mai ɗinki ta karye a hannu. Nan take 'yan tasha suka yanke hukunci: ɗan babur ne, bai iya ƙafa uku ba. Wallahi ni ma haka na ɗauka, har sai da na jawo keken gida na kwance tayar. Jama'a, ba a sake wata roba ba! Ƙusa aka cusa a bututun birkin aka toshe shi. Tayar dama ta kama, ta hagu tana gudu, ina keke mai lodi zai tsaya a miƙe?

Na tafi garejin Kawu, na ajiye masa ƙusar a gabansa. Ko gezau. Ya ce, "To mi ya faru? Tun ba a haihe ka ba muka hawan babur da birki guda, wa ya mutu? Wanga ko biyu sunka rage mashi." Na ce, "Kawu, babur in ya ƙi tsayawa sai ka sa ƙafa ƙasa. Wannan fa mata ne a bayanka!" Sai ya sassauta murya, ya ce, "Ɗana, ka ruhe man asiri. In maganar ga ta hita wa za ya ƙara kawo man aiki?" Ni da nake da baki a tasha kamar rediyo, na koma gida ban faɗa wa kowa ba.

Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Ashe ya je gaban shugabannin tasha ya ce shi ya gyara birkin da hannunsa, lafiya lau yake, gangancin yaro ne. Dattijo ya yi magana, wa zai musa? Suka hana Bello ɗaukar fasinja ko ya warke, dangin matar da ta karye kuma ba sa ko amsa sallamar 'yan gidan su Bello. Kawu, ni ka ba wa keken nan fa. Da ni ne a kai da iyalina, haka za ka ce? Wannan tambayar ita ke ci mini rai.

Jiya na daure na je duba Bello. Yana kwance a zaure, ƙafa cikin karan ɗori, ƙaramar 'yarsa tana yi masa fifita. Yana ganina ya kama hannuna ya fashe da kuka, wai in yafe masa ya lalata mini abin neman abinci. Kun san me na ce? Na ce, "Ba komai, na yafe." Ni na yafe masa!

In na tona, na kashe sana'ar wanda ya raine ni, mahaifiyata kuma ba za ta ƙara kallona ba, yayanta ne. In na ci gaba da shiru, Bello ya tashi ba sana'a, yana gode mini. Don girman Allah, me zan yi?