Kujerar Khairunnisa

Bronx, New York

Zuwa ga ƙanwata Shamsiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki Rashidu da 'yar lelena Khairunnisa. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Faruƙ yana ta fama da tasi, ɗanmu Tsoho kuwa ya shiga makaranta, ka yi masa Hausa ya mayar maka da Turanci kamar ba jikan Zazzagawa ba.

Shamsiya, kin san ni da waya, dariya nake farawa in manta abin da ya sa na kira, shi ya sa na zauna na rubuta. Maganar kujerar motar Tsoho ce, wadda na sako miki a kwantena lokacin sunan Khairunnisa. Don Allah daga yau kada ki sake ɗora yarinyar nan a kanta.

Ranar Asabar na haɗu da maƙwabciyata Fusena, mutuniyar Kumasi mai aiki a gidan renon yara, muna sayen doya wajen Fordham Road. Ta nuna mini hoton wata sanarwa da aka manna a wurin aikinsu, ta ce ai kamar irin kujerar Tsoho ce. Na dawo gida na tono kwalin littafinta, lamba ta zo daidai. Kamfanin da kansa ya amsa cewa maɓallin da ke riƙe igiyoyin a ƙirjin yaro yana iya ɓallewa idan mota ta yi karo. Wallahi nan take na tuna duk Juma'a kuna bin hanyar Kaduna da ita.

Abin da ya fi cina, sanarwar ta kusa shekara biyu da fita. Duk wanda ya cika ɗan katin da ke cikin kwali ya aika, sun rubuta masa har gida. Mu lokacin da muka saya takardunmu na zaman ƙasar nan ba su daidaita ba, duk abin da ya nemi suna da adireshi shara muke jefa shi. Ni da hannuna na yaga katin, har ina jin na yi dabara. Ashe garin gudun gara na faɗa gidan zago.

Na kira kamfanin. Matar ta yi ta ban haƙuri, ta ce za su aiko da sabon maɓalli kyauta, amma sai adireshin cikin ƙasar nan. Na ce mata kujerar tana Zariya, ta ce in maimaita sunan garin. Faruƙ ya ce da a nan wani abu ya faru, lauyoyi za su kai su kotu su biya diyya. To, wane ne zai kai ƙararsu daga Tudun Wada? Kuma wace diyya ce za ta maye mini Khairunnisa? Su laifinsu ne da suka ƙera abu da aibi, ban yafe musu ba. Amma ni na naɗe ta na rubuta sunanki a jiki, har ina yi miki gori cewa kin daina riƙe jaririya a cinya kamar 'yar ƙauye.

Na sayi sabuwa, na cika katin a cikin shagon kafin in fito. Barmo, abokin Faruƙ da zai zo gida, zai taho da ita ƙarshen wata. Kafin nan ku haƙura da tafiyar Kaduna, dangin Rashidu ba za su gudu ba.

Saura abin da na san zai yi miki wuya. Na san halinki, ko gwangwanin madara ba kya yarwa, balle kayan Amurka. Za ki ce ai har yanzu kamar sabuwa take fil, ki miƙa wa wata mai jego ki ga kin yi alheri. Kada ki yi. Ki sa almakashi ki yanke igiyoyin duka, ki sa Rashidu ya fasa ta da guduma, ki turo mini hoto. Duk jaririn da aka ɗora a kanta, ko ban san uwarsa ba, a wuyana yake.

Ki gaida Inna da Kawu Hamidou da Rashidu. Ki sumbatar mini Khairunnisa, ki ce Gwaggonta tana neman gafararta.

Yayarki mai jiran hoton nan,
Balki