Ɗalha ya ce zai riƙe mu

Litinin, 8 ga Mayu 2023
Na fita takabar Zubair. Ko wanki ban gama ba Baba, mahaifinsa, ya kira ni zaure. Wai ƙanen marigayi, Ɗalha, zai aure ni don yara su tashi gidan ubansu. In na ƙi, in koma garinmu Kambaza ni kaɗai. Ni kaɗai fa!

Alhamis, 11 ga Mayu
Na je asibitin Kalgo karɓo magani. Nan Gwandu ido ya yi yawa. Na gaya wa Sista Rifkatu, ta ce ai gwajin kafin aure zai yi min maganar. Ina! Baba ya riga ya ce tuwona maina ba a kai shi asibiti, gwaji na bare ne.
Har yau ciwon shawara suke cewa ya kashe Zubair. Ƙanjamau ce, ya kwaso ta a tafiye-tafiyen kai albasa kudu, ya kawo min har ɗaki. Allah ya taimaka yaran sun tsira.

Asabar, 13 ga Mayu
Ɗalha ya kawo mangwaro, yana ta sunkuyar da kai kamar ba shi ne mai tsokanata da tuwona ya yi gishiri ba. In na yi shiru, yarana suna hannuna. Shi fa?

Juma'a, 19 ga Mayu
Na faɗa wa Ɗalha ciwon da nake ɗauke da shi. Ya ce, "Yaya Zubair ya sani?" Na ce ya sani. Ya daɗe yana kallon takalminsa.

Lahadi, 21 ga Mayu
Ya ce wa Baba shi ne ya fasa, kuma yara ba mai raba su da uwarsu. Ya sha zagi. Bai tona ni ba.

Talata, 6 ga Yuni
Ɗalha ya tare ni a tasha. Ashe tare suke tafiya kudu da Zubair, masauki ɗaya, halin neman mata ɗaya. Tun rasuwar ya daina, amma tsoro ya hana shi gwaji. Na raka shi Kalgo.
Ya fito yana hamdala, ba shi da ita. Sista ta ce ya riƙe kansa haka, ya dawo a sake dubawa.
Wallahi na yi masa murna. Kukan da na yi a mota kuwa, ban san na mene ne ba. Ba zan bincika ba.