Waƙar da ba ta da amshi

Lahadi da dare, Kafanchan

Yau matasa suka rera sabuwar waƙata a sujadar coci. Jita da ganguna sun yi aikinsu, yara sun yi ta tsalle, amma bencin zumuntar mata shiru. Ko tulun kiɗansu ba su buga ba. Raina ya ɓaci, na ce tsofaffin nan ba a iya musu.

Da aka tashi, Mama Saratu, ƙawar marigayiya mahaifiyata, ta tare ni a bakin ƙofa. "Ɗana, waƙan ka da daɗi, amma ta ina za mu shiga? Kai ka bayar, kai ka amsa. Maman ka in ta ba da waƙa, sai ta yi shiru ta jira mu."

Gaskiyarta. Na cika waƙar da kalmomi, ko wurin numfashi ban bari ba, balle amshi.

Ɗazu na rage rabin baitin farko. Na rera "Yesu, riƙe hannuna," sai na yi shiru. A da, mahaifiyata za ta amsa daga kicin, tana tuƙa tuwon acca. Na daɗe ina jira.

Ba zan cike gurbin nan ba. Nasu ne.