Famfon Unguwar Layin Dogo

Almaty, Oktoba 1996

Zuwa ga ƙanwata Tolganai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ke da mahaifiyarmu Apa. Matata Meruyert da yara suna gaishe ku.

Ba dogon zance zan yi ba. Na samu ɗaki a gidan da muke haya, mai ɗumi, tagarsa tana kallon rana. Ki tattaro Apa ku taho kafin ƙanƙara ta sauka. Kada ki ce mini aiki. Na yi shekaru ina waldar tukwanen tururi na tashar wutar Kentas ɗin nan tun ba ki san ƙofarta ba, na san ta kamar yunwar cikina. Tun zamanin Baba take tari. Bututun da ke cikin tukwanen faci ne a kan faci. Ranar da za ta tsaya, ba lantarki kaɗai za ku rasa ba, ruwan zafin da ke ɗumama gidajen Kentas ne zai ɗauke gaba ɗaya, kuma kin san sanyin garinmu ba ya jin ban haƙuri. Masu hankali duk sun watse. Kwal ya cinye huhun Baba, ba zan zuba ido ya ci sauran gidan ba.

Ni ne babba, umarni nake ba ki.

Yayanki,
Serikbol

Kentas, Nuwamba 1996

Aga,

Gaisuwa da girmamawa gare ka, yayana. Takardarka ta iso ta hannun kwandastan jirgin ƙasa, na karanta wa Apa har da wurin umarnin. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ki gaya masa wanda na yi wa wanka a baho ba ya ba ni umarni. Kabarin ubanku yana nan, ina za ni?"

Gaskiyarka, masu hankali sun watse, shi ya sa aka ba mahaukaciyar ƙanwarka shugabancin sashen tukwane. Injiniyoyinmu wasu sun tafi Jamus, wasu Rasha. Cikin tukwane biyar, uku ke numfashi. Kwal ɗin da ake kawo mana rabinsa ƙasa ce, gas ɗin da muke taimaka wa wutar da shi kuma yau akwai gobe babu. Duk na sani. To in na sa ƙafa na tafi, wa zan bar wa? Asibiti da bututunmu yake rayuwa, haka gidan marayu, haka tsofaffin da ba su da wani a Almaty mai taga mai kallon rana.

Mun haɗa hannu da maƙwabciyarmu Ulbala mun yanka doki don naman cin lokacin sanyi, kamar yadda aka saba. Ga kasonku nan, da busasshen cuku na yara. In kana son yi mini alheri, aiko mini da sandunan walda, namu sun kusa ƙarewa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Tolganai

Kentas, Janairu 1997

Aga,

Ina gaishe ka. Gara ka ji daga bakina kafin 'yan jirgi su kai maka.

Ranar Talata da hantsi bututu ya fashe a tukunya ta biyu. Kafin azahar ta uku ta bi ta, domin mun ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Irin sanyin nan ake yi da mutum zai tofa yawu ya daskare kafin ya kai ƙasa. Tukunya ɗaya ba ta ɗumama gari. In muka ce sai kowa ya samu, ruwan zai huce a hanya ya daskare, bututun gari duka su fashe, ba mai gyara su sai sanyi ya wuce.

Manajanmu Kuwanish-aga ya tara mu. Ya ce, "Dole a yanke unguwa ɗaya, a zubar da ruwan bututunta. Tolganai, ke kika san layukan. Wacce?"

Na ce, "Layin Dogo. Ita ce a ƙarshe, ita ta fi cin zafi a hanya, kuma babu asibiti a cikinta."

Ya dube ni ya ce, "Unguwarku ce fa."

Na ce, "Na san inda nake kwana."

Da hannuna na murɗa babban famfon, ban tura kowa ba. Aka kwashe mutanenmu zuwa makarantar tsakiyar gari. Na naɗe Apa cikin barguna, na ɗora ta a allon jan kaya, na ja ta a kan ƙanƙara. Ulbala ta tare ni a ƙofar makarantar, jikokinta riƙe da gefen rigarta. Ta ce, "An ba ki kujera, sai kika fara da maƙwabta ko? Sannu da aiki, shugaba." Na ja Apa na shige ciki, don ba ni da abin da zai ɗumama yaran.

Aga, Apa ta kwashi sanyi a hanya. Tana tari, ƙirjinta yana ƙara. Likita yana duba ta. Ina leƙa ta duk sanda na fito daga tasha, sai dai ba kasafai nake fitowa ba.

Sandunan sun iso, na gode. Masu riƙe su ne babu, mai walda ɗaya ya rage mana.

Ka sa mu a addu'a.

Tolganai

Kentas, ƙarshen Janairu 1997

Meruyert,

Gaisuwa gare ki da yara. Na iso lafiya. Kin ce in rubuto da zarar na sa ranar dawowa da Apa. Ban sa ba.

Na same ta kwance a cikin aji, a gindin allo, ta rame ƙwarai. Na ce ta shirya, jibi akwai jirgi. Ta ce, "Kai dai ba ka canza ba, ko gaisawa ba mu gama ba." Likita ya ja ni gefe ya ce ba za ta jure tafiya ba.

Daga nan na wuce tasha da niyyar in ci wa Tolganai mutunci a gaban ma'aikatanta. Aka nuna mini bakin tukunya ta biyu. Tana ciki, ƙarfen bai gama hucewa ba, tana riƙe wa dattijo Temirkan fitila, shi kuma yana walda, duk ya gaji liƙis. Da ta fito ban gane ta ba sai da ta yi magana, toka ta rufe ta har gira.

Na ce, "Kin zaɓi ƙarfe, kin jefa uwarki cikin ƙanƙara."

Ta ce, "Na ji, Aga. Ka ajiye zagin sai mun kunna. Yanzu ko ka karɓi Temirkan-aga ya huta, ko ka matsa, ka tare mini hanya."

Na karɓa. Ba don ita ba. Apa ba za ta koma ɗakinta ba sai tukunyar nan ta tashi. Bututun sun fi yadda na bar su lalacewa, ka ɗinke nan, can ya buɗe. Muna shiga muna fita, ana watsa mana ruwa saboda zafi, alhali a waje ƙofa tana manne wa mutum a hannu. Matan Layin Dogo suna kawo mana shayi da soyayyen burodi, har da Ulbala da ta daina yi wa Tolganai magana. Takan dire kwanon ta juya.

Jiya da la'asar muka buɗe gas, kwal ya kama, ɗinkin ya riƙe. Temirkan ya zauna a ƙasa yana dariya shi kaɗai. Gobe za a mayar wa unguwarmu ruwa, in ɗauki Apa in kai ta gida. Ki ba mai garejin da nake wa aiki haƙuri, zan ɗan jima.

Mijinki,
Serikbol

Kentas, Afrilu 1997

Aga,

Gaisuwa da fatan alheri. Tun da ka tafi bayan sadakar bakwai ɗin Apa ba ka rubuto ba, kuma ban ga laifinka ba.

Ranar tafiyarka ka ce da ban rufe famfon nan ba da tana raye. Mai yiwuwa haka ne. Na juya maganar nan har na gaji. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai, a ɗakinta ta cika, cikin ɗumi, mu biyu muna gefenta. Amma ba zan yi maka ƙarya don ka huce ba: in ranar ta dawo, famfon nan zan sake murɗawa. A kwanakin da unguwarmu ta yi a daskare mata sun haihu a asibiti, babu jaririn da sanyi ya taɓa.

Ƙanƙara ta fara narkewa, amma wani sanyin yana hanya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na shawo kan Kuwanish-aga za mu farke tukunya ta huɗu, wadda ta daɗe a mace, mu sake mata hanji kafin kaka. Bututu na samo su daga wata masana'anta da aka rufe. Temirkan-aga ya ajiye aiki, idonsa ya ƙi.

Ba roƙon yafiya nake ba. Hannunka nake nema.

Ka gaida Meruyert da yara.

Ƙanwarka,
Tolganai

Almaty, Mayu 1997

Tolganai,

Na samu takardarki. Muna lafiya.

Zan iso farkon Yuni, in zauna har tukunyar ta tashi. Kada kowa ya taɓa bututun sai na gani da idona. Ki share mini ɗakin baya. Na Apa ki bar shi a rufe yadda yake.

Ɗaya maganar kuwa, ta yafiya, ban kai gare ta ba tukuna.

Yayanki,
Serikbol