Hannun Saje Bogarín

Litinin, 6 ga Maris, 1933

Mun bar Asunción a jirgin ruwa na yaƙi da sojoji ɗari takwas, za mu kai su bakin daga a yankin Chaco. Kyaftin Cantero ya ce ma'aikatar tsaro na son in zano mata yaƙin. "Amma ka tuna, Insfrán, igwar gaba aikinka ce. Fensir na bayanta."

Laraba, 8 ga Maris

Kogi ya janye, jirgi na rarrafe. Saje Bogarín, mai harba igwata, ya miƙo min tereré, shayinmu mai sanyi, yana leƙa takardata. "Yallaɓai, hancin nan nawa ne ko na kada?"

Asabar, 11 ga Maris

Jirgin saman Bolivia, abokan gabarmu. Ni na fara hango shi, da hantsi, rana na walƙiya a fikafikansa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Hannuna ya ci gaba da zane. Daƙiƙa biyar? Goma? Kafin in ce a harba, ya riga ya sako bom.

Bom ɗin ya tafi da hannun Bogarín na dama. Ya ga abin da nake yi, mun haɗa ido.

Lahadi, 12 ga Maris

Na kasa cin abinci.

Talata, 14 ga Maris

Kyaftin zai yi bincike. Kotun soja ce ke jirana idan Bogarín ya buɗe baki. Na je wurinsa ɗakin jinya, ya juya fuska bango.

Laraba, 15 ga Maris

An tambaye shi a gabana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Laftanar Insfrán ya ba da umarni a kan lokaci, ranka ya daɗe. Jirgin ne ya fi mu sauri."

Da Kyaftin ya fita, Bogarín ya ce min, "Ba don kai ba ne. Zana ni, zan aika wa matata Ramona. Da hannu biyu. Ba ta sani ba tukuna."

Na zana. Hannun ya fi fuskar ba ni wuya.

Juma'a, 24 ga Maris

Wani jirgin ya zo yau. Na ba da umarni tun yana ɗigo a sama, muka kore shi, ba wanda ya ji ciwo. Kyaftin ya dafa kafaɗata, ya ce wannan kam sai a zana wa ma'aikata, wane launi ne jirgin?

Na ce zan tuna. Gaskiya ban duba ba.