Rediyon da Ke Cikin Buhun Shinkafa

Madinat Nasr, Alƙahira
Satumba, 2013

Yaya Ma'azu,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya Hawa da yara, ya shagon gyaran rediyo? Ni lafiya lau, sai dai saboda rikicin da ake yi a garin nan ba kullum ake iya fita makaranta ba.

Tambaya gare ni. Wani ɗan Damagaram da ya koma gida ya bar mini 'yar rediyo mai kamo maganar 'yan kwana-kwana da motocin asibiti. Da ita nake sanin titin da zan kauce wa. Amma ana cikin magana sai muryar ta tsallaka zuwa wata tasha, in neme ta in rasa. Me ke jawo haka?

Ran Juma'a na sauko da ita ƙofar gida na ƙure murya don maƙwabta su ji, kamar yadda muke yi a majalisarka. Kowa ya watse. Maigadinmu, Ammu Sabri, ya fizge ta, ya ce, "Khalas, ya isa haka, ɗana! So kake a kwashe mu duka?" Yanzu tana cikin buhun shinkafa. Kada Inna ta ji.

Lokacin da ya fizge ta, direban motar asibiti ne ke neman gidan wata mai naƙuda, ya kasa gane layin. Yaya, har yau ban san ko ya isa ba.

Ƙaninka,
Illiyasu