Injina Lafiyarsa Ƙalau, Waya Ce Ta Yi Tsatsa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar makanikai ta unguwarmu a Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan ƙungiya baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, ni mai dakon nama ne. Kullum da safe nakan ɗauko nama a motata daga mayankar Oko-Oba in kai wa masu gidajen abinci. Babbar mai sayena wata Bayarabiya ce a Ketu, shekara shida muna tare. Sharaɗinta ɗaya ne: nama ya iso kafin ƙarfe tara. Abin da ya faru tsakanina da wani ɗan ƙungiyarku shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Wata Litinin allurar zafin inji ta haura ja ina tsakiyar titin Ikorodu. Na faka, na jira awa guda, nama na kwance a baya cikin rana. Da yamma na kai motar garejinsa. Bai taɓa tiyon ruwa ya ji zafinsa ba, bai tambaye ni ko na ga tururi ba. Ya kwance lagireto ya wanke.

Na biyu. Ranar Laraba allura ta sake hawa. Wannan karon ya cire tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefar. Bayaninsa shi ne don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ya kuma haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa tun daga tayar da mota. Na san haka ake yi wa kusan kowace mota a Legas, har an ɗauka magani ne. Tawa dai mai ta ƙara sha, allura kuma tana nan yadda take.

Na uku. Ranar Asabar na sake tsayawa a hanya, na isa Ketu da ƙarfe sha ɗaya. Naman ya fara sauya launi, matar ta ƙi karɓa, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa bakaniken ya yanke cewa sai an buɗe kan inji.

Washegari da safe na murɗa makulli, inji bai yi minti ɗaya da tashi ba, allura ta haura ja. Ko ruwan shayi ba ya tafasa da wannan saurin. Na kai wa wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya zare fulogin na'urar da ke auna zafi, sai ga shi ya yi kore da tsatsa. Ya goge, ya ɗaure wata waya da ta saki, shi ke nan. Injin bai taɓa yin zafi ba ko sau ɗaya.

Ni ma ina da nawa laifin. Saboda ƙarnin jini kullum sai an wanke min mota, yara kuma su buɗe bonet su feshe inji da ruwa ina tsaye ina kallo. Nan tsatsar ta samo asali. Amma ni nama na sani, shi ya kamata ya san waya.

Roƙona biyu ne. Ku umarci 'yan ƙungiyarku su tabbatar inji ya yi zafi da gaske kafin su ɗauki sifana. Sannan a daina cire tamostat ba da sanin mai mota ba.

Ban nemi a biya ni komai ba, don abin da na rasa ba a gareji yake ba. Na koma Ketu na yi wa matar bayanin waya da tsatsa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi min sannu, sannan ta nuna min wanda yake kawo mata nama yanzu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon jama'arka da adalci.

Wassalam.

Sani mai dakon nama,
Agege.